Ɗan Gadamas a Cikin Gilashi

A gidanmu akwai wani bargo da ya girmi duk wani mai numfashi a lungunmu na Kabara. Ɗan Gadamas muke ce masa, don daga can kakan kakanmu ya taho da shi a bayan raƙumi, zamanin da fataken Larabawa ke ratso sahara su sauke kaya a Kano. Na ulu ne, ja mai duhu, da ratsin fari da baƙi a bakinsa, ga tsawo kamar ba don mutum ɗaya aka saƙa shi ba. A sanina ba mai rai da ya taɓa lulluɓa da shi. Aikinsa ɗaya ne: in an yi rasuwa, an yi wa mamaci sutura an sa shi a makara, sai a rufa bargon a kai har maƙabarta, sannan a dawo da shi gida.

Da shi aka rufe wanda ya kawo shi, da shi aka rufe kakanmu, da shi aka rufe mahaifinmu ina saurayi. Tun ana yi wa 'yan gida kaɗai har maƙwabta suka shigo ciki, ya zama na unguwa. Ba a ma roƙonsa. Mutum zai tsaya a zaure ya yi sallama ya ce, "An yi rashi a gidan Malam wane," shi ke nan, sai kakarmu Hajiya Mabruka ta buɗe adudu ta miƙo. Ba a taɓa hana kowa ba, kuma ba ya kwana a waje. In an dawo da shi sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi tambayarta guda ɗaya da ba ta canzawa: "Ya rufe har ƙafa?" A ce mata ya rufe. Ta yi hamdala, ta shanya shi a inuwa, ta turara shi da turaren wuta, ta ninke ta mayar.

Ni Mahmud, sana'ata sayar da barguna a Ƙofar Wambai, irin 'yan Cainan nan masu furanni da ke zuwa a jakar leda. Don haka na san bargo daidai gwargwado, kuma ban taɓa ɗaukar Ɗan Gadamas abin kallo ba, sai da ƙanwata Rukayya ta koma jami'a yin digiri na biyu. Tarihi ta karanta da farko, ta yi bautar ƙasa, ta zauna jiran aikin da bai zo ba, sannan ta nemi gurbi a fannin kula da gidajen tarihi da adana kayan gado. Ranar da ta yi wa Baffa Umar, ƙanen mahaifinmu, bayanin abin da za ta karanta, ya daɗe yana gyara zaman babbar rigarsa. Shi mutum ne da ko shago zai je sayen ashana sai ya sa babbar riga.

"Wato digiri za ki yi a kan tsofaffin kaya," ya ce. "Ai 'yan gwangwan ma aikinsu ke nan, kuma ban ji an ce sun je jami'a ba."

Hajiya ta ce ya ƙyale mata jika. Daga ranar ta raɗa mata Dakta, tun kafin ta shiga aji.

Ta fara karatun ne a shekarar da aka tayar da bama-bamai a Kano ranar wata Juma'a, gari ya kwana yana neman 'yan uwansa a asibitoci. Wanda ya zauna a Kano a shekarun nan ba sai na ba shi labari ba. Shingen sojoji a kowace ƙofa, buhunan yashi, gangunan da aka jera a tsakiyar titi, ka sauka daga babur ka tura shi kamar ka sato. Yau dokar hana fita, gobe an sassauta, jibi an dawo da ita. Daga baya aka hana acaɓa, aka hana goyo a babur ko da matarka ce. Tun muna zabura in mun ji ƙara, har muka koma tambayar ta wane gefen ne, in an faɗa mana mu ci gaba da cin tuwonmu. Ba jarumta ba ce. Gajiya ce kawai.

Ɗan Gadamas ma ya ji a jikinsa. Da can sai a yi watanni bai fita ba, yanzu kuwa wani lokacin kafin ya sha iska daga wata jana'izar an sake yin sallama a zaure. Wata rana ya dawo da yaga a gefe, ƙarfen makara ya kama shi. Rukayya ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta sa farar safar hannu, ta duƙufa a kansa da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Ina shirin tsokanarta sai ta kira ni.

"Yaya, zo ka gani. Duk inda ake ninkewa zaren ya karye. Nan kuma asu ne ya ci. Hayaƙin turaren nan ma busar da ulun yake yi. In aka ci gaba a haka ba zai kai baɗi ba."

Na sa yatsa a kan layin ninkin, zaren ya biyo yatsana. Gaskiyarta ce. Ni da nake sayar da bargo na san wanda ya kusa gama aiki.

A tsarin karatunsu, kafin a ba ɗalibi digiri sai ya shirya ɗan baje koli nasa a wani ɗaki na sashensu, a gayyato wani farfesa daga wata jami'ar ya zo ya gani da idonsa, ya yi masa tambayoyi. Nasu farfesan daga Kudu zai zo. Rukayya ta ce ita a kan Ɗan Gadamas za ta yi nata. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Hajiya ranar da ta kawo maganar.

"To Dakta, me za a yi masa a can?"

"Hutawa zai yi, Hajiya. Zan ɗinke inda ya ɓarke, a sa shi a akwatin gilashi inda asu da laima ba za su same shi ba. A rubuta sunan wanda ya kawo shi, a rubuta naki."

"Nawa kuma? Ni na saƙa shi?"

"Ke kika riƙe shi."

Baffa Umar ya ce sam, bargon nan ba ya kwana a waje, haka suka tarar. Hajiya ta tambaye shi ranar Juma'ar nan da aka hana fita a ina ya kwana, ba a gidan mutane ba? Ta ce ita ma tana da ido, ta ga yadda yake zubewa a hannunta, kuma makullin adudu a haɓar zanenta yake, ba a aljihun rigar kowa ba. Baffa ya haƙura, don a duniya ita kaɗai ke yi masa haka.

"Sai yaushe zai dawo?" ta tambayi Rukayya.

"Da farfesan ya zo ya gani. Sun ce bayan salla."

"To. Ki dai dawo min da shi kafin in buƙace shi. Na rufa wa mutane da yawa, ba na son ni a kai ni da na aro." Sai ta juyo kaina, da yake tun ina yaro maigida take ce min irin na wasan jika da kaka. "Kai kuma maigida, kada ka kuskura ka rufa min mai furannin nan naka, in isa lahira kamar gadon amarya."

Muka yi dariya, har Baffa.

Ranar da za a tafi da shi Rukayya ta zo da wani dogon bututun roba da ya fi ta tsawo. Ta shimfiɗa farar takarda mai laushi a kan bargon, ta naɗe shi a jikin bututun a hankali, ta sake naɗe duka da farin yadi, ta ɗaure. Ta ce abu na farko da aka koya musu ke nan: tsohuwar tufa ba a ninke ta, naɗe ta ake yi, don kowane ninki karaya ne. Ta maimaita wannan magana har ta zama abin tsokana a gidan. Ko tabarma wani zai ɗauke sai a ce masa, "A kula, ba a ninkewa, Dakta na gani." Motar sashensu ce ta zo ta ɗauka, mai tambarin jami'a a ƙofa, sojoji suka leƙa kawai suka ɗaga mata hannu.

Sau ɗaya na je na gan shi. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, an rage hasken fitila, ga Ɗan Gadamas a miƙe cikin gilashi. Watanni ta yi tana binsa da allura mai siririn zare, ta yi masa shafi da wani yadi ta baya, duk inda ya yage ta haɗe ba ka ko ganin ɗinkin. Na tsaya ina kallo kamar ban taɓa ɗaukarsa a kafaɗata ba. Na ji alfahari da ƙanwata a ranar, kuma na faɗa mata. Na ɗauko hotonsa a waya na nuna wa Hajiya. Ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe.

"Ashe haka yake da kyau," ta ce.

Sai dai farfesa bai zo ba. Da farko aka ce iyalinsa sun hana shi zuwa Kano, ana lallashinsa. Yana gab da yarda aka tayar da bam a tashar mota. Aka sa wata rana, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka rufe makarantu kusan rabin shekara. Aka dawo, aka nemi wani farfesan, shi ma ya ji labarin garin ya ce a ɗan dakata. Kullum maganar ɗaya ce, wata mai zuwa. Ba kuma halin a ciro bargon a kawo gida kafin nan, don kafa shi a gilashin aikin makonni ne, kowane ɗagawa yana cin zarensa, ga shi ana cewa baƙon zai iya sauka a kowane lokaci. Abokan karatunta suka fara zamewa, wannan ya koma garinsu, waccan ta yi aure ta bar jihar. Rukayya ta samu koyarwa a wata firamare da safe, da yamma ta bi shingaye ta je ta duba gilashinta, ta dawo da magariba ƙafa a kumbure. Ta rame. In aka tambaye ta yaushe za ta gama, sai ta yi murmushi ta wuce.

A gida kuwa zaure bai daina karɓar sallama ba, kuma ni ake turawa. Na farko da na mayar shi ne Malam Ɗanladi mai gyaran rediyo, wanda ɗansa ya fita kasuwa da safe aka kawo shi a mota. Ya tsaya inda kowa ke tsayawa, ya faɗi abin da kowa ke faɗa. Na ce masa Ɗan Gadamas ba ya gida. Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba, sannan ya ce, "To, ba komai. Allah ya sa mu cika da imani." Ya juya. Na fi son a zage ni da wannan ba komai ɗin. Hajiya kuwa da ta ji sallamar namiji da sassafe sai ta shige ƙuryar ɗaki ta ja labule. A hankali labari ya zaga unguwa, mutane suka daina zuwa, kowa ya rufa wa nasa tabarma ko abin da ya samu. Shirun zauren ya fi damun Hajiya a kan sallamar.

Ba ta taɓa cewa a dawo da shi ba, ta riga ta ba da magana. Sai dai jefi-jefi, in Rukayya na cire takalmi a bakin ƙofa, ta ce, "Dakta, baƙon naku bai warke daga tsoron ba?"

"Sun ce bayan salla, Hajiya."

"Wace sallar?"

Wata rana muna cin abinci mu biyu Rukayya ta ce min, ba tare da ta ɗago kai ba, wani lokacin har daɗi take ji da farfesan bai zo ba. Ta ce in tuna yawan jana'izar da aka yi a unguwar nan tun da aka tafi da shi, da yana gida da yanzu sai tsumma. Ita tana da gaskiya, Malam Ɗanladi ma yana da tasa, ni kuwa na gaji da tsayuwa a tsakani.

Da damina ta biyu ta kama, garin ya shiga wani sabon tashin hankali. A lokacin ne aka fara turo 'yan mata da bam a ƙarƙashin hijabi. Mace mai dogon hijabi ta zama abin tsoro a garin da kowace mace ke sa hijabi. A bakin asibiti, a bakin makaranta, sai a tsayar da ita daga nesa a ce ta ɗaga hannu. Mata da kansu suka koma kallon juna a cikin a-daidaita-sahu.

A cikin wannan hali Hajiya ta rasu, kuma ba bam ba ne, ba harsashi ba. Da hantsi ta sha kokonta, ta ce a miƙo mata ruwa, kafin a kawo ta jingina da bango ta cika. A safiyar ma an ji wata ƙara daga wajen gari, ana ta raɗe-raɗin za a sa dokar hana fita kafin la'asar. Baffa Umar ya ce da an idar da azahar za a yi jana'iza.

Rukayya ba ta yi kuka ba. Ta zura hijabi, ta ɗauki jakarta, za ta je ɗauko bargon. Na so in je a madadinta, amma yanzu a ƙofar jami'a an daina barin wanda ba shi da katin shaida, gilashin kuma daga ita sai Malam Maharazu mai kula da ɗakin suka san yadda ake buɗe shi. Ba damar in goya ta a babur, ga likkafani da haƙan kabari suna jirana. Na ce mata ta yi sauri kawai.

Ta kira ni da ta isa. Ta ce Malam Maharazu ya baro gidansa ya zo ya buɗe mata, bai ko tsaya neman izinin shugaban sashe ba, Allah ya saka masa. Ta sake kira kafin azahar ta ce ta fito da shi, tana bakin titi. Na gaya wa Baffa tana hanya. Daga nan ban sake jin muryarta ba.

Aka yi sallar azahar, aka fito da makara zaure. Maza suka cika lungu, kowa na satar kallon bakin hanya, don a shekarun nan ba mai son daɗewa cikin taro. Na kira wayarta, tana ta ringi ba a ɗauka. Na sake kira, a kashe. Nan bargon ya fita daga raina, na koma tunanin ita kanta. Liman ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Mahmud, gawa ba ta jira, kuma ka san halin da garin ke ciki." Na dubi Baffa. Mutumin nan da ban taɓa ganin ya jira kowa ba ya ce a ƙara ɗan lokaci. Ya taka da kansa har bakin lungu ya tsaya, ya dawo, ya sake komawa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Da ya dawo na ƙarshe bai dubi kowa ba, ya ce, "A kawo abin rufawa."

Ba wanda ya motsa. A ɗakina akwai ragowar kayan shago, guda ɗaya tak, don damina ba lokacin sarin bargo ba ce. Na farke ledar da haƙori. Shuɗi ne, da manyan furanni ruwan hoda, yana ta warin sabon kaya. Na kai shi zaure na rufa wa Hajiya da hannuna. Aka yi salla, muka ɗauka.

Muna dawowa daga maƙabarta, a daidai bakin lungunmu, na hango ta tana tahowa ta ɗaya gefen. Ba bututu, ba farin yadi. Ta rungume Ɗan Gadamas a ƙirji, a ninke, da taɓo a jikinsa, gaban hijabinta ma duk taɓo daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta ga ƙasar kabari a ƙafafunmu. Ta ga makara ba kowa, da mai furanni a ninke a cikinta. Sai ta tsaya cak. Mutane suka dare suka ba ta hanya. Baffa ne ya ƙarasa wajenta, daga shi sai 'yar ciki, babbar rigarsa a saɓe a kafaɗa.

"Sannu, Rukayya," ya ce. "Shiga gida."

Dokar hana fitan ma ba a sa ba a ranar.

Da yamma, bayan masu gaisuwa sun ragu, na same ta a ɗakin Hajiya. Adudu a buɗe, bargon a kan cinyarta. Duk tsawon layin ninkin, ɗinkin da ta yi watanni tana yi ya ɓalle, zare ya yi cirko-cirko. Na zauna a bakin ƙofa inda na saba zama. Ta ba ni labari da wata murya da ba hawa ba sauka, kamar tana karanta na wani.

Ta ce da suka buɗe gilashin, ita da Malam Maharazu, ba wanda ya yi tunanin komai. Shi ya ɗauko bututu, ita ta shimfiɗa takarda, ya kama can ta kama nan, suka naɗe shi a hankali yadda aka koya musu, suka rufe da farin yadi suka ɗaure. Hannunta ne ya yi aikin, ba kanta ba. Sai da ta fito bakin titi ta ga mai sayar da lemo ya bar teburinsa ya ruga, sannan ta ga kanta yadda mutane ke ganinta: budurwa cikin dogon hijabi, ido jawur, da wani dogon abu a naɗe da farin ƙyalle a kafaɗa. Masu a-daidaita-sahu suka riƙa ƙara wuta in sun hango ta. Ɗaya ya tsaya, fasinjojinsa suka dire ta ɗaya ƙofar, shi ma ya ja abinsa. Ta yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin wani dattijo ya ji bayaninta ya ɗauke ta, bututun ya leƙo ta gefe da gefe. An rufe hanyoyi saboda ƙarar safe, sai da suka zagayo ta Ƙofar Mata.

Tun daga nesa sojojin shingen suka ɗaga bindiga. Aka kwantar da direban a kwalta. Ita aka ce ta ajiye abin a tsakiyar titi, ta jefar da waya, ta ja baya ta durƙusa, hannu a sama. Ta yi musu bayani da Turanci, ta ce ga katinta a jaka, ta ce kakarta ce ta rasu ana jiranta. Ba wanda ya yarda ya matso ya karɓi katin. Suka ce sai ogansu ya zo. Tana durƙushe a cikin ruwan da ya kwanta a titi ta ji ana kiran salla, ta ji an tayar, ta ji an sallame. Marina sun bar karofinsu sun leƙo ta bayan katanga suna kallo. Da ogan ya zo sai ya ce ta je ta kwance abin da kanta, su kuma suka koma bayan buhunan yashi. Ta warware Ɗan Gadamas a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, daga wannan baki har wancan. Wani soja ya zo ya ɗaga gefensa da bakin bindiga, ya leƙa cikin bututun, ya sauke numfashi, ya ce ta tafi. Ta ce yaro ne ƙarami, ba ta ga laifinsa ba.

A nan ta bar bututun da takardun. Ta ninke bargon gida huɗu, tana jin zaren na karyewa a hannunta, ta taho da gudu.

"Da tun a can na ninke shi, Yaya, na cusa a jakata, da ba wanda zai ko kalle ni. Da na riga liman zuwa."

Na ce mata haka Allah ya ƙaddara. Na san ba ta ji ba, ni ma da na faɗa ban ji wani sauƙi ba. Wayarta, wadda gilashinta ya tsage, ta yi ƙara a kan tabarma. Ta duba ta miƙo min. Saƙo ne daga sashensu, wai ana sanar da ɗalibai an ɗage zuwan farfesa sai bayan babbar salla. Ta karɓa ta kife ta.

Daga tsakar gida ana jin mata na kwashe kwanuka. Tana ta shafa ratsin bakin bargon da tafin hannunta, ba safa. Can ta ɗago ta dube ni, karon farko tun da na shigo.

"Mai furannin naka," ta ce. "Ya rufe har ƙafa?"

Na so in ce ya rufe, amma duk lungun sun gani.

"Bai kai ba. Ƙarami ne, na gadon yara. Baffa ne ya tuɓe rigarsa ya ƙarasa rufe mata ƙafafun, ya bi makara haka har maƙabarta."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin hawayen suka zo, ba sauti, suna ɗiga a kan ulun, ba ta kuma kawar da shi ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo kaskon turaren Hajiya, ta kakkaɓe tsohuwar tokar da ke ciki.

"Yaya, samo min garwashi."

Na tashi na nufi madafi.